Baba Barau a Uzès

Kwalin dabinon ajwa. Busasshiyar na'ana'ar Madina. Buta. Maganin zuciya. Sanda. Likkafani a naɗe cikin leda. Kayan Baba Barau ke nan. Ni na riƙe fasfo.

Muna cikin bas daga Nîmes zuwa Uzès, yana leƙen gonakin inabi ta taga.

"Zainu, waɗannan wa ke ba su ruwa?"

"Sama, Baba."

"Masha Allah. Ashe ba su san wahala ba."

Baba Barau maƙwabcinmu ne a unguwar Bani Harisa ta Madina, katanga ɗaya ta raba mu. Kakansa ya zo hajji a ƙasa daga Damagaram, bai koma ba. Shi kuma ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ban ruwa a gonakin dabino na Ƙuba. In ba don hajji ba, bai taɓa kwana a wajen Madina ba. Kowa a layinmu ya san dalili: so yake ajali ya same shi a Madina, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Sai ɗansa Saifuddeen, likitan da aka tura ƙaro karatu Faransa, mazaunin Uzès, ya samu ɗa, aka sa wa yaron sunan Baba. Tsohon ya ce sai ya ga takwaransa da idonsa. Ni a Montpellier na yi karatu, ina jin yarensu, shi ya sa aka haɗa shi da ni.

Na zaci zai zauna a ɗaki yana jan carbi har mu koma. Ina. Washegari ya ɗauki jaririn, ya yi masa addu'a, ya mayar wa uwarsa Suhaila, ya ce, "Yalla, a nuna mini garin."

Uzès ƙaramin gari ne, duwatsunsa masu launin zuma, lungunansa matsattsu. Ya bi su cikin farar jallabiyarsa, sandarsa na ƙwanƙwasar ƙasa. A kasuwar tsakiyar gari ya tsaya gaban mai sayar da dabino, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi.

"Tambaye shi, wannan dabino ne ko ɗan'uwansa?"

Ban tambaya ba. Ya zaro ajwa daga aljihu ya miƙa wa mutumin. Mutumin ya ci, ya lumshe ido.

"Gaya masa daga Madina nake. Ba ka faɗa da ƙarfi ba, sake faɗa."

A ƙofar tsohuwar fadar garin ya ɗaga kai yana kallon hasumiya, ya tambaya ko mai gidan na ciki. Na ce zuriyarsa ce ke riƙe da wurin. Ya ce to a gaishe su.

Pont du Gard ce ta kama shi. Gada ce hawa uku a kan kogi, Rumawa suka gina ta don ta ɗauki ruwa daga kusa da Uzès zuwa Nîmes. Ya daɗe a tsaye yana kallonta.

"Duk wannan don ruwa?"

"Don ruwa, Baba."

"Mutanen kirki. Kai ni inda ruwan yake bi."

Na ce tudu ne. Ya ce bai tambaye ni ba. Muka hau a hankali, yana tsayawa yana numfashi, har muka kai bakin magudanar. A bushe take. Ya shafa dutsen da tafin hannunsa kamar mai duba bayan doki.

A hanyar saukowa ya zauna a kan wani dutse, bai iya tashi ba.

A asibiti wata likita ta yi mana bayani, na fassara masa ban rage komai ba. Zuciyar ta gaji. In ya zauna aka yi masa aiki, wataƙila ya ƙara wasu watanni, wataƙila ba zai farka daga aikin ba. Jirgi kuma haɗari ne.

Saifuddeen yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa. "Mustahil, ya abuya," ya ce, wato ba zai yiwu ba, Baba. "Ba inda za ka."

"Kai likita ne, na yarda. Amma ni na haife ka."

"Za ka iya mutuwa a sama!"

"To a sama ina fuskantar gida. A nan ina nake fuskanta?"

"Ƙasar Allah ce duka."

"Haka ne. Shi ya sa kai ka zauna." Ya juyo gare ni. "Zainu, kai ka kawo ni. Wanda ya ɗauki tulu shi ke mayar da shi."

Saifuddeen ya ja ni waje, idanunsa jajur. Ya ce in na taimaka wa tsohon, babu ni babu shi. Tare muka yi wasan ƙwallo a layi ɗaya muna yara. Na ce masa hankalin mahaifinsa ƙalau yake, kuma ya faɗi abin da yake so. Ya ƙi biyo mu. Yana ganin in ya ƙi, tsohon zai fasa.

Daga Marseille muka tashi, muka sauya jirgi a Istanbul, ina tura shi a keken marasa lafiya. Leɓunansa sun canza launi. Duk sanda ya farka sai ya ce, "Ina muke?" In gaya masa. Ya ce, "Tukuna."

Da muka fito daga filin jirgin Madina zafi ya buge mu. A cikin tasi ya sa na sauke gilashi. Da ya hango dutsen Uhudu sai ya gyara zama.

"Halas," ya ce. "Shi ke nan. Yanzu ajali ya zo duk sanda ya ga dama."

Ya ɗan kwana biyu a ɗakinsa. Maƙwabta suna shigowa da shayi, yana ba su labari. Da ya zo kan labarin gadar Rumawa, ya ce wa Abdou mai gyaran famfo, "Kai da kake cika baki, je ka ga masu famfo na gaskiya." Aka yi dariya. Ya ce takwaransa ya ɗebo hancinsa, Allah ya ba yaron haƙuri. Ranar Talata da hantsi ƙanwarsa Raliya ta buga mana katanga.

Bayan azahar aka sallace shi a Masallacin Annabi. Muka ɗauke shi a kafaɗa zuwa Baƙi'a, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suna rige-rigen sa hannu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Ba shi da nauyi.

Saifuddeen ya iso washegari. Bayan la'asar, da aka buɗe maƙabartar, na kai shi. A Baƙi'a ba a rubuta suna, dutse kawai ake kafawa. Na nuna masa wurin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya tsaya ya daɗe.

"Da ka bar shi, da yana raye," ya ce, bai dube ni ba.

"Wataƙila."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan."

Masu gadi suka fara kiran mutane su fita. Muka fito a jere. Tattabaru suka sauka a kan hanyar da muka baro, aka tura ƙofar ƙarfen ta rufu a bayanmu. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.