Habsa Ta Koma Kejetia

Shekara goma sha ɗaya Habsa ta yi tana sayar da waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, a bakin tashar Kejetia kafin ciwon daji ya kama ta, likitoci suka cire mata nonon hagu. Ta warke, gashinta ma ya fara tsirowa, amma wata biyar ba ta fita ko'ina ba sai asibiti. Yayarta Humu ce ta hana ta. A cewarta mutanen Zango ba za su ci abincin mai irin wannan ciwo ba, gara ta zauna a ɗaki ta rufa wa dangi asiri.

Wata rana wata nas ta saka lambar wayar Habsa a wani shiri na sati huɗu: saƙon murya a waya kowace safiya, ranar Alhamis kuma hirar minti goma da wata mai ba da shawara, Samiratu. Da farko Habsa ta raina abin, ta ce mata ita ba mahaukaciya ba ce. Samiratu ba ta yi musu ba. Ta koya mata yadda za ta daidaita numfashi idan tsoron dawowar ciwon ya taso, ta bar ta ta yi kukanta. A Alhamis ta uku ta tambaye ta me ta fi kewa.

"Tukunyata," in ji Habsa.

"Likita ya hana ki?"

Likita bai hana ba.

Ranar Asabar ta jiƙa wake, ta soya yaji. Da Humu ta ga ba za ta tanƙwaru ba, sai ta miƙo mata tsumma ta ce aƙalla ta cusa a riga.

"Yaya, nono aka yanke mini, ba hannu ba. Haka zan fita."

Washegari ta dafa, ta hau trotro, ƙaramar motar haya, da tukunyarta. A tasha wasu suka kawar da kai, wata mai lemu ta ja teburinta gefe. Habsa ta buɗe murfi ta hau kiran masu saye da ƙarfi, da Hausa da Twi. Har hantsi ba wanda ya tsaya. Can sai Sala, tsohon direban motar Tamale, ya zo ya zauna a benci, ya ce a zuba masa da ƙwai, yaji ya ji. Direbobi biyu suka biyo shi.

Rabin tukunya ta dawo da shi gida. Ta raba wa maƙwabta, ta jiƙa waken gobe.