Ƙarfen Bayan Babur

Da fetur ya gagara, Malam Mahmudu ya sayar da tsohuwar motarsa, ya sayi ƙaramin babur, irin wanda ake kira roba-roba. Gonarsa ta Ruma ta daina nomuwa saboda ɓarayin daji, mota kuwa ba ta shan ruwa.

Idan ya goya matarsa Zuwairatu, ba ta riƙe shi. Ƙarfen baya take kamawa, ta bar tazara tsakaninsu.

"Ki riƙe rigata, za ki faɗi," in ji shi.

"A gaban jama'a, Malam? Da jikokina da komai? Allah ya sawwaƙe."

Ranar kasuwar Batsari ta tashi da ciwon ƙirji. Ta ce ba wani abu ba ne. Ya ce ta hau, asibiti za su. Da motar tana nan, da kwanciya za ta yi a kujerar baya.

Suna tsakiyar kasuwa, cikin cunkoso, ya ji hannunta ya zagaye cikinsa, goshinta ya sauka a bayansa. Wani mai shago ya yi dariya ya ce, "Amarya da ango!"

Malam Mahmudu ya san tunda Zuwairatu ta ajiye kunya, ciwon ya wuce yadda ta faɗa. Ya dafe hannunta da hagunsa, ya murɗa mai da dama.

Ba ta kai ƙofar asibiti da rai ba. Da la'asar aka yi jana'izarta.

Babur ɗin yana jingine a zaure har yau. Da ƙafa Malam Mahmudu yake zuwa kasuwa.