Darma a Bayan Ƙugiya

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ana jin kunyar ɗan fari sosai. A Rigachikun na tashi wurin kakata, sai da ta rasu aka dawo da ni Malali. In Baba yana son ruwan alwala, sai ya ce da ƙanwata, "Sa'adatu, ce wa waccan ta miƙo buta," ko da ina tsaye a gabansa. Ni ma ban iya ɗaga ido in dube shi ba.

Sana'arsa fatsa ce a kogin Kaduna, amma ba da tana yake yi ba kamar sauran mutane. Yana saurayi ya yi wa wani Bature aikin lambu, shi ya koya masa haɗa abin da yake kira ƙwaro. Ƙaramar ƙugiya ce ake sa wa darma don ta nutse, a lulluɓe ta da gashin zomo, a yi mata ƙafafu da gashin zabo, har ta yi kama da tsutsar da ke maƙalewa ƙarƙashin duwatsun kogi. Wai a ƙasar Baturen wani kifi mai ɗigo-ɗigo suke kamawa da ita a ruwan sanyi. Baba ya gwada a namu, kawara da karfasa suka karɓa.

A damunar 1989 ya yi zazzaɓi mai tsanani. Ya tashi, amma hannunsa na dama ya koma rawa. Yana iya riƙe gorar fatsa da hagu, ɗaure ƙwaro ne ya gagara. Na taɓa leƙa shi a zaure yana fama da zare, ƙugiya ta faɗi sau uku. A na huɗu bai nema ba. Ya rufe gwangwanin kayansa, ya tura shi ƙarƙashin benci.

Wata biyu bai je kogi ba. Tuwo yana dawowa daga zaure kamar yadda aka kai shi. Abokinsa Isma'ila, wani Banufe mai kwalekwale, yana zuwa ya tsokane shi.

"Bakatsine, girman kai zai kashe ka. Ga tana cike da bayan gidana, kyauta."

"Ku Nufawa ku ci abinku," in ji Baba. "Shekara talatin ban soka tana ba, ba zan fara da furfura ba."

Ya yi dariya, amma da Isma'ila ya fita sai ya juya fuskarsa bango. Inna Kulu, mahaifiyarmu, ta ce tana tankaɗe, "Mutumin nan in bai ga ruwa ba, a zaure zai bushe mana."

Ni ɗinkin hula nake yi, kuma mata suna cewa hannuna yana da kyau. Ran Juma'a da ya tafi masallaci na jawo gwangwanin. Akwai ƙugiyoyi biyar, da darma da aka daddake aka yanka siri-siri, da ƙwaro ɗaya tsoho wanda ya rage. Na so in warware shi in ga cikinsa, na ji tsoro, don shi ke nan na hannunsa. Na so in tambaye shi, to ta ina zan fara? Sai na kwaikwayi abin da idona ya gani. Darmar na naɗa ta zagaye da ƙugiya, layi kusa da layi, babu inda ya fi wani kauri, yadda ake son zare ya kwanta a hula. Na yi guda biyar, na jera su, na mayar da gwangwanin.

Bayan kwana biyu na ji ƙarar murfin. Ina bayan labule ina leƙen Baba. Ya ɗauki ɗaya, ya matsa shi da babban yatsan hagu, ya daɗe yana juya shi.

"Sa'adatu!"

"Na'am, Baba."

"Aljanun gidan nan sun iya ɗinki."

"Aljana dai, Baba. Mai hanci irin naka."

"Tafi can, sarkin surutu."

Ranar ya cinye tuwonsa.

Da safe ya ɗauki gora. Inna ta bi shi har ƙofa tana cewa ruwa bai gama janyewa ba, duwatsu da santsi. Ya ce daga bakin gaɓa zai tsaya. Ni da Sa'adatu muka tattara wanki muka bi bayansa daga nesa, wankin da ba lallai a yi shi ranar ba.

Ya tsaya kan wani faffaɗan dutse ya jefa. Ruwa ya ja ƙwaron ƙasa, igiya ta miƙe, na zaci kifi ne har na saki sabulu. Ya ja, ya sake ja, igiya ta tsinke. Da kyar ya ɗaura na biyu, yana taimaka wa hannunsa da haƙori. Shi ma ya maƙale. Na uku ya ɗan yi tafiya, sannan ya tsaya cak.

Isma'ila ya matso da kwalekwalensa. "Bakatsine, yau duwatsu kake ciyarwa? Sun gode, sun ce a ƙaro!"

Baba ya ɗaura wani. Na huɗu ya tafi kamar sauran. Da na biyar ya maƙale, bai ja ba. Ya ajiye gora, ya naɗe wandonsa.

"Isa, bar shi!" Isma'ila ya daina wasa, ya kira Baba da sunansa. "Ƙugiya ce fa. Isa!"

Ya shiga yana bin igiya da hannu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Ya sunkuya ya cusa hannu ƙarƙashin dutse. Sai na ga bayansa ya karkata, ruwa ya rufe shi. Sa'adatu ta ƙwalla ƙara.

Isma'ila ne ya faɗa ruwa ya cicciɓo shi. Ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ta karye ƙasa da gwiwa. Da aka kwantar da shi a kan yashi, hannunsa na hagu a dunƙule yake, jini yana fita tsakanin yatsunsa. Isma'ila ya buɗe da ƙarfi. Ƙwarona ne a ciki, ƙugiyar ta shige tafin hannun.

Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko gorar ta miƙa wa Isma'ila.

"Malam Isma'ila, tafi da ita. Wallahi muddin ina gidan nan ba za ta sake shigowa ba."

Sannan ta juyo gare ni, ba ta ɗaga murya ba. "Ke kuma, Allah ya ba ki hannu ya hana ki baki. Da kin tambaya me zai cinye ki?"

Kwana takwas ban bi ta zaure ba. Ta ƙofar baya nake fita. A na tara, da hantsi, na ji Baba yana kiran Sa'adatu. Ta tafi kai niƙa, Inna tana maƙwabta. Ya sake kira.

"Ke."

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ke da ke tsakar gida. Zo da reza."

Na shiga na durƙusa, idona a ƙasa. Ya ajiye ƙwari biyu a kan tabarma, nawa da tsohon nasa. Ya ce in tsaga su. Na fara da nawa, ga darma a zagaye sumul. Da na tsaga nasa sai na ga guntun darma biyu a kwance a gadon bayan ƙugiya, ɗaya kan ɗaya, an ɗaure su da zare. Ba kyan gani ko kaɗan.

Ya yi magana yana kallon bango. "A baya take kwana. Nauyin ne ke kifar da ƙugiya, kaifinta ya kalli sama, ta bi kan dutse ta wuce. In aka zagaye, kaifi yana ƙasa. Duk abin da ta taɓa sai ta kama."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Baba, ka sani tun a gida?"

"Yatsa ya gaya mini."

"To me ya sa..."

"Wa zan aika? Sa'adatu? Kafin azahar duk Malali sun ji an yi kuskure." Ya gyara ƙafarsa, ya cije leɓe. "Na ce ko ɗaya zai tsira in dawo da shi da kifi."

Hawaye ya ɗiga a kan rezar. Bai ce in daina ba. Ya tura mini ƙugiyar tsohon ƙwaron da ɗan yatsansa mai rawa. Na ɗaura, ya ce a warware. Na sake, ya ce zare ya yi yawa. A na huɗu ya matsa da babban yatsa, ya ajiye a murfin gwangwani.

Isma'ila ya tafi da shi kogi, ya gwada da gorar Baba da ke wurinsa. Washegari ya shigo da kawara uku a zarge a kara.

"Bakatsine, ga gaisuwa daga duwatsu. Sun ce yau da yunwa suka kwana."

Baba ya karɓa ya ɗora a cinyarsa. Ya tambayi wane dutse, ruwa ya kai ina, a wace jifa suka ci. Isma'ila yana ba shi amsa, shi yana shafa ɓawon kifin.

Ƙafar ta haɗe a karkace. Da sanda yake zuwa masallaci yanzu, gangaren kogi kuwa ya fi ƙarfinsa, kuma Inna ba ta janye rantsuwarta ba. Ranar da Isma'ila ya kawo kifin, Inna ta soya, ni na kai wa Baba zaure da kaina. Da na koma ɗaukar kwano, yana nan a rufe yadda na ajiye shi.