Yanar Idon Baba Gaiya

Babana Gaiya yana da taurin kai irin wanda ba ka iya yin fushi da shi. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, amma ya ce shi ba mai sa masa wuƙa. Anti Rukayat, maƙwabciyarmu a unguwar Fadikpe, nas ce 'yar Bida, ta yi magana har bakinta ya gaji. Ta ce aikin ba wani babba ba ne, amma in aka ƙara jinkiri idon hagu zai tafi gaba ɗaya.

"Ni mai bangaskiya ne," in ji shi. "Wanda ya ba ni idon ya san yadda zai buɗe shi."

Mu dai mun san tsoro ne. Mutumin da ko allura ya hango sai ya tuna ana jiransa a wani wuri.

Tun ina yarinya shi ke karatun Littafi Mai Tsarki a cocinmu. Da idon ya ƙi, bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar sai ya sa ni in karanta masa ya haddace, Lahadi ya hau ya buɗe littafi yana bin layi da yatsa. Kowa ya gane, har Fasto Charles, amma ba wanda ya ce uffan, don ana ƙaunarsa.

Wata Lahadi karatun ya faɗo kan Ibrahim, yadda aka kira shi ya bar garinsu, ya kama hanya bai san inda za shi ba. Baba ya zuba shi tsaf da muryar nan tasa mai daɗi, littafin kuwa a juye yake a hannunsa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai.

A hanyar gida hannunsa na kan kafaɗar Mama, ina biye da su.

"Baban Testimony," in ji Mama, don da sunana take kiransa, "Ibrahim ɗin nan naka, zama ya yi a gida yana jira?"

"A'a, tashi ya yi."

"Bai ji tsoro ba?"

Baba ya ce, "Wataƙila ya ji."

"Amma dai ya tashi. Ga kwata nan, ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake kwatar da bai gani ba, ko tambaya bai yi ba. Daga nan ya tsaya cak a tsakiyar hanya, sai da mai Keke Napep ya yi masa hon. Da yamma ya sa aka kira Anti Rukayat.

"Ɗiyata, ki sa mini rana," ya ce. "Amma kar ki nuna mini wuƙar."

"Baba, ko na nuna maka ai ba gani za ka yi ba," in ji ta.

Ranar aikin ya yi ta addu'a har nas-nas suka ce amin don dai ya ƙyale su su fara. Washegari aka cire bandeji. Ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dube ni, sannan ya tsaya a kan Mama ya daɗe.

"Maman Testimony, yaushe furfura ta cika miki kai haka?"

"Tun kana zaune kana jira," in ji ta.

Ya miƙa hannu ya taɓa gashin a hankali. Anti Rukayat tana ta ce masa kar ya yi kuka, idon bai warke ba, amma bai ji ta ba.