Ba Zan Cire Ko Ɗaya Ba

"Ba zan cire ko ɗaya ba," in ji Twila, mai kaɗa jita.

Dwight, shugaban makaɗan, ya dafe ƙeya. Yammacin Juma'a ne, zauren cocin garin Oshkosh ya cika da masu cin soyayyen kifi, kowa na jiran kiɗan rawa.

"Yarinya, tsirkiya shida ta ishi kowane mai hankali. Ke goma sha biyu gare ki, tun ɗazu kike murɗa kunnuwan jitar nan kamar mai horon ɗa. Ko ki rage rabi, ko ki nemi wata ƙungiya."

"Baba Dwight, tagwaye aka yi su. Ka taɓa ganin an raba tagwaye?"

Jitar lantarki ce ja, ta girmi uwar Twila. Ta sha sanyi a bayan mota ta shigo ɗumi, sai ta yi fushi: a daidaita wannan tsirkiya, waccan ta kauce.

Wani dattijo ya matso yana goge man kifi a hannu. Orville ne, tsohon likitan haƙori, mai kabad cike da irin jitar nan, bai iya kaɗa ko guda ba.

"'Yata, don Allah daina taɓa ta," ya ce. "Irin wannan ai ba a kaɗawa. Ba ni akwatinta in sunsuna."

Ya tsugunna ya zura kai ciki, ya ja numfashi, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙamshin asali ne."

Dwight ya ba mai ganga alama, suka fara ba ita. Aka yi rawa, aka ƙaro kifi, aka sake rawa. Twila na kusurwa, kunne a kan jita, yatsunta na zogi. An fara naɗe kujeru sannan ta miƙe ta ja yatsa a kan tsirkiyoyin sau ɗaya. Sauti ya watsu kamar an zubar da tiren ƙararrawa, har mai wanke tukwane ya leƙo.

"Wallahi da daɗi," in ji Dwight, yana saɓa jakarsa. "An kore ki."

Motar ƙungiya ta tafi. Twila ta fita cikin dusar ƙanƙara da akwati mai nauyin ɗan maraƙi, Orville na biye yana roƙon kada ta jijjiga shi. Ta rasa aiki, ta rasa mota, kifin ma bai kai gare ta ba.