Dabinon da ke kan sule

Ni dai ba na gaida Maiwada, kuma ba zan gaishe shi ba har a kai ɗayanmu kushewa. Yayan mijina ne, uba ɗaya, na sani. Masu cewa Zulai ta cika riƙo su yi ta faɗa, ai ba dabinonsu aka sare ba.

Dabino ɗaya ne tak a garinmu Gehuru, kuma a gonarmu yake. Surukina ya shuka shi da hannunsa. Da ya rasu aka raba gado, gonar da iccen suka faɗo wa maigidana Labbo, Allah ya yafe mini kiran sunansa. Maiwada ya sami fadamar albasa, wadda ta fi gonarmu nesa ba kusa ba, amma idonsa bai taɓa sauka daga kan iccen nan ba. Dabinon mace ce, ba ta 'ya'ya sai an ɗaura mata furen namiji, don haka duk shekara maigida ke takawa har Aliero ya roƙo furen, ya hau ya ɗaura, ya sauko hannu duk ƙaya. Da azumi kuwa babu gidan da ba ya aika wa na buɗa baki, har gidan wancan marar kunyar.

Wani rani sai ga Bature mai awon hanya da 'yan sandansa. Rana ta dake shi, ya zauna gindin dabinonmu, ya zaro takarda yana ta zane-zane. Maigida ya kai masa ruwa da dabino a ƙwarya. To me zai yi? Ya kore shi? Duk garin nan babu namijin da ya leƙo daga zaure ranar.

Aka kwana biyu har an manta, sai sabon sule ya shigo kasuwar Jega. Mun saba da kwabo mai huji da tauraronsa, amma wannan daban yake: gefe ɗaya kan sarkin Nasara, ɗaya gefen icce ne tsaye, dogo, da ganye ya bazu. Maiwada ya sayar da albasa aka ba shi irinsa. Ko gida bai shiga ba, sai ƙofar mai gari, yana kwarmato har muna ji ta bayan danga.

"Jama'a, ku duba! Sarkinsu ga wanga gefe, dabinon Baba ga wancan. Mutum na buga abin da ba nashi ba ga kuɗinai? An sai da icce! Kuma wanda ya sayi icce ya sayi ƙasar da yake tsaye. Gobe su zo su ce Gehuru tasu ta!"

Sule ya zaga hannu-hannu. Kowa ya juya shi sai ya ce wallahi shi ne, har da masu nuna reshen da ya karkata gabas. Maigida ya rantse da Allah ruwa kawai ya bayar. Maiwada ya ce, "Ruwa? To mi yaka zanawa, kana tsaye kana washe baki?"

Tun daga ranar muka zama mujiya. In na isa rijiya mata su yi tsit, wata ta janye tulunta kamar ina da kuturta. Aka daina sayen daddawata. A masallaci, wanda ya tsaya kusa da maigida sai ya bar tazara. Mutanen da suka sha buɗa baki da dabinonmu! Tir da halin ɗan Adam.

A ƙarshe mai gari ya kira maigida. Maganar Maiwada ce, bakin kawai aka ara. Ya ce, "Labbo, in ba ka sai da ba, sare shi mu gani. In na Bature na, ba ka iya sa mai gatari. In kuwa ka ƙi, ka nemi wani gari."

Na ce, "Maigida, mu kwashe mu koma Dangamaji wurin danginmu. Ƙasar Allah da faɗi."

Ya ce, "In mun tashi su sare shi da kansu, Zulai, kuma a riƙa ce ma ɗiyana ubansu ya sai da gari."

Da hantsi ya ɗauki gatari, gari duka ya fito kallo. Iccen na ɗauke da nonnan 'ya'yan da ba su nuna ba. Ina tsaye ina kuka, ba na ɓoyewa, ina zagin duk wanda muka haɗa ido. Da ya faɗi sai da ƙasa ta amsa. Ƙura ba ta kwanta ba Maiwada ya matso, wai ko za a bar masa gangar ya yi azara. Na ce ya yi makara da ita.

Bature bai sake dawowa ba. Maiwada ya shiga bugun ƙirji, wai shi ya ceci Gehuru.

Da kaka na kai akuya Jega, mai saye ya miƙo mini sulen nan. Na tofar da yawu na ce a canza mini. Wata Bayarabiya mai manja da ke gefe ta tambayi dalili, na gaya mata. Matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Dabino? Mama, wannan iccen kwakwa ne! Shi ke ba da manjan da ke gabanki. A ƙasarmu ko akuya ba ta neman inuwa sai a gindinsa, don yawa."

Na karɓe sulen, na kamo hanya ko manjan ban saya ba. Niyyata in jawo Maiwada da wuyan riga har ƙofar mai gari, in sa shi ya maimaita kalmar kwakwa a gaban kowa.

Na biya ta gona, na tarar da maigida zaune kan kututturen. Na zazzage masa labari duka, na danƙa masa sulen na ce, "Tashi mu je, yau sai an wanke ka!"

Bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon iccen da ke kan kuɗin, yana shafa shi da babban yatsa.

"Ƙarya take," in ji shi.

"Maigida, matar daga can ta fito, ta san..."

"Na ce ƙarya take, Zulai. Kar ki gaya ma kowa. In iccen kwakwa na, to a banza na sare shi." Ya dunƙule hannunsa a kan sulen. "Nawa na. Bar min shi tsaye ko a nan."