Sandar Mairam

Ni ce Joda, kuma duk wanda ya san ni a makarantarmu ta Yerimaram ya san bakina ba ya hutawa. Ni ce shugabar kulob ɗin Fulani. Mairam, ƙawata tun muna aji ɗaya, ita ce shugabar na Barebari. Ngizim da Bolewa da Karekare ma kowa da nasa, ranar Laraba bayan an tashi a haɗu a yi waƙa, a ci abinci, a yi ta cika baki.

Tsakanin Bafulatani da Babarbare kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Shi ne ma gaisuwarmu ta safe. In ce mata, "Baiwata, kin kwana lafiya?" Ta ce, "Fulata, yau ina kika baro sandar? Ko shanun ne suka ba ki hutu?" Daga nan mu raba ƙosai mu shiga aji.

Muna ajin ƙarshe aka kawo mana sabon firinsifal, Malam Zainulabideen. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai ya halarci taron bita da yawa. Ya ce kulob na ƙabila raba kan ɗalibai yake yi. Malamai suka rabu biyu, suna ta musu a ofis har muna jiyowa ta taga. Wasu su ce a rushe, wasu su ce yaron da ya tashi a gari ba ya jin yaren gidansu a nan yake tsintar kalma biyu. Ƙarshe aka tsaya a kan kulob su zauna, amma ba'ar ƙabila ta haramta. Karon farko gargaɗi, na biyu kora.

Washegari daga gaisuwarmu ta safe na karɓi gargaɗina, ko ƙosai ban gama haɗiyewa ba. Mairam da kanta ta bi ni ofis ta ce, "Yallaɓai, ai wasa ne, ni ma na rama." Ya dube ta da tausayi ya ce, "'Yata, wanda ake zalunta ba kullum yake sani ba." Wallahi dariya ta kusa kashe mu, amma daga ranar na ɗinke bakina. Jarrabawar fita ta ƙarato, kuma Baffana ya ce in aka kore ni kar in zo masa da wani labari.

Ana cikin haka keke Napep ya kife da Mairam a hanyar kasuwa, ƙafarta ta karye. Ta daɗe a gida ana ɗori. Da ta dawo, ta dawo da sanda da ɗingishi, mai ɗorin ma ya ce ɗingishin ya zauna ke nan.

Kai, ku zo ku ga ladabi! Kowa "sannu Mairam", kowa ya matsa mata a benci, ana yi mata magana a hankali kamar ƙwai a cokali. Ni ma haka. Na ce, "Sannu ƙawata, kawo jakar in riƙe miki." Ta fizge kayarta ta ce hannunta bai karye ba. Kullum sai na tambaya, kullum sai ta hana.

Ana gobe ranar al'adu muna zaune a gindin darbejiya ta ce, "In an gama taron gobe na daina zuwa. Na faɗa wa Mama, a gida zan zauna."

"Haba, jarrabawar fa?"

"Ta sha ruwa. Kowa kallona yake kamar an zo yi mini ta'aziyyar kaina. Har da ke, Joda. Ke da ko zazzaɓi nake ba kya raga mini."

Tausayinta nake ji, kuma tsoron kora nake ji, gaskiya ke nan.

Ranar al'adu aka kafa rumfa, iyaye suka cika kujeru. Firinsifal ya tsara kowane kulob ya yabi wani, ni aka ba ni Barebari, har ya duba jawabin nawa ya gyara. Na hau dandamali na fara: "Barebari mutane ne masu daɗaɗɗen tarihi da karamci..." Ni kaina hamma ta kama ni. Sai na hango Mairam can gefe ita kaɗai, ta jingina haɓa a kan sandarta, tana kallon ƙasa.

Na ninke takardar na ce, "Jama'a, ku taya Fulani murna! Shekara aru-aru Barebari suna yi mana ba'a da sanda. Yau ga shugabarsu can, Allah ya kama ta, ta fi kowane makiyayi iya riƙo. Saura shanu! Baiwata, gobe da sassafe ki zo ki fitar da su, akwai fura."

Wurin ya yi tsit. Firinsifal ya miƙe tsaye. Na ce a raina, shi ke nan Joda, kin kori kanki.

"Wa ya ba wannan tsinken abin magana?"

Mairam ce. Ta taso tana ɗingishi, sanda a sama. "Ku riƙe ta kar iskar lasifika ta kwashe ta zuwa Gadaka! Ni za ki ba kiwo? Sandar nan ta ladabtar da bayi ce, tsaya ki gani!"

Na diro na zagaya rumfa a guje, tana biye da ni tana haki tana dariya, hawaye sharkaf a fuskarta. Iyaye suka barke da shewa. Babanta Alhaji Kaumi ya leƙo ta kan mutane yana ce wa Baffana, "Bubayaro, kama 'yarka, ko gudun ma gado ne?" Baffana ya ce ai Babarbare ko da ƙafa huɗu ba ya kamo Bafulatani.

A ofis firinsifal ya dube mu. Ya ce, "Doka doka ce, Joda."

Mairam ta ce, "To a haɗa da ni, Yallaɓai. Tsinke na ce mata, a gaban iyaye."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ke da aka ce mini kin bar makaranta?"

"Wa zai bar wa Fulata makaranta?"

Bai kore ni ba, amma bai bar ni haka ba. Ya sauke ni daga shugabanci, ya ba ni sharar filin taro har ƙarshen zango, dokarsa kuma tana nan inda take. Na ji zafin shugabancin nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar Litinin ina bakin ƙofa da tsintsiya keke ya tsaya. Mairam ta sauko a hankali, ta dogara sandarta, ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta cire jakar daga kafaɗa ta wurgo mini a ƙirji.

"Ɗauki, baiwa," ta ce. "Kuma kar ki wuce gabana."